KANA SO KA SAN RANAR MUTUWARKA?

   

Yau tambaya guda ɗaya mu ke da ita. A ce wani ya zo rumfarka da takarda a naɗe, ya ce maka ranar mutuwarka tana ciki a rubuce, da watan, da shekarar, babu kuskure ko kaɗan. Za ka warware ka duba, ko kuwa za ka ce ya tafi da abarsa? Kada ka yi saurin amsawa. Mutane da yawa su kan ce za su duba. Su kan ce rashin sani ya fi dare duhu, ɗan kasuwa kuma ba ya gudun lissafi. Amma in aka zo wajen aikatawa, sai ka ga hannu ya yi sanyi.

Wannan magana ba tatsuniya ba ce a garin nan. Mun ga an kawo wa mutane irin wannan takarda ba tare da sun roƙa ba, mun kuwa ga abin da ya biyo baya.

Daren 31 ga Disamba, 2018, wajen sujadar shiga sabuwar shekara, wani mai wa'azi a nan Ankara, Isaac Owusu-Bempah, ya tashi gaban jama'arsa ya ce an nuna masa Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, zai rasu cikin 2019. A lokacin nan Shehu yana da shekara 99. Ku duba fa, in mutum ya ce tsoho mai shekara 99 zai rasu bana, ba sai an nuna masa kome ba. Kowane yaro a Nima ya iya wannan lissafi. Duk da haka maganar ta ƙona zukatan mutane. Bayan kwana biyu waɗansu samari suka ɗauki adduna, suka tafi majami'arsa a Odorkor, suka yi ɓarna. Gari ya tsaya cik, kowa yana tsoron abin da zai faru tsakanin Musulmi da Kirista, mutanen da ke zaune gida ɗaya, suna ɗiban ruwa famfo ɗaya.

Shehu da kansa ya kashe wutar. Ya tsawata wa samarin, ya ce a gafarta wa mai maganar. Daga baya mai wa'azin ya ba da haƙuri, aka yi sulhu. Ran 21 ga Afrilu na wannan shekara, ranar Idin Tashin Almasihu, sai ga Shehu ya shiga majami'ar Katolika ta Christ the King ya zauna tare da masu sujada, domin nuna zumunci. Bayan kwana biyu ya cika shekara 100. Shekarar 2019 ta ƙare yana raye. A 2024 aka yi masa murnar cika shekara 105.

Ga wani kuma. A 2021 wani mai kiran kansa annabi ya faɗa a rediyo, wai za a harbe mawaƙin nan Shatta Wale ran 18 ga Oktoba. Samarin Nima sun san shi sarai. Wannan karo an ba da rana, ba shekara kaɗai ba. Da ranar ta zo, sai labari ya bazu ko'ina cewa an harbe shi. Ashe ba haka ba ne, shi da mutanensa suka shirya labarin. Ya ce tsoron ransa ne ya sa, gama an sa masa rana, ba wanda ya kula. 'Yan sanda suka kama shi, suka kama mai annabcin kuma. A 2022 kotu ta ci mawaƙin tarar sidi 2,000 saboda baza labarin ƙarya. Harsashi bai taɓa shi ba, amma ranar da aka sa masa ta kai shi ɗakin tsaro.

Domin wannan, ran 27 ga Disamba, 2021, 'yan sandan Gana suka fitar da gargaɗi ga masu wa'azi. Suka ce wanda ya yi shelar mutuwa ko masifa, har ya jefa mutane cikin firgita, ba shi kuwa da shaida, doka za ta iya hawa kansa, ɗauri har shekara 5. Abin bai ƙare ba. Ran 6 ga Agusta, 2025, jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a hanyar Obuasi, mutum 8 suka rasu, cikinsu da ministoci biyu, Edward Omane Boamah da Ibrahim Murtala Muhammed. Nan da nan waɗansu suka fito suna cewa ai dā ma sun gani. Har fadar shugaban ƙasa ta ce a riƙa kawo mata irin wannan annabci tukuna, kafin a yi shelarsa.

To, bari in nuna muku yadda wannan ciniki ya ke tafiya, gama ciniki ne, ku kuwa kun san ciniki. Ko ɗan duba mai buga ƙasa, ko boka mai wuri, ko mai riga fara a kan dakalin wa'azi, hanyarsu ɗaya ce. Ba ya ce maka za ka mutu ran kaza, shi ke nan. A'a. Ya kan ce ya ga mutuwa tana binka, amma in an yi sadakar rago, ko an kawo abu kaza, ko an zo an gan shi a keɓe, za a kawar da ita. In ka mutu, ya ce ai ya faɗa. In ba ka mutu ba, ya ce ai shi ya tsare ka. Ta kowace hanya riba tasa ce. Wane mai goro ne a Tudu ya taɓa samun ciniki irin wannan, wanda babu faɗuwa a cikinsa?

Ku lura kuma da masu zuwa wurinsu. Mace ta kan tafi a kan kishiya, ko haihuwa. Namiji ya kan tafi a kan kasuwa, ko tafiya, ko maƙiyi. Da wuya ka ga wanda ya tafi domin a faɗa masa ranarsa. In kuwa ya tambaya, ba ranar ya ke nema ba. So ya ke a ce masa da sauran kwana a gaba, da sauran shan ruwa. Wannan ya ke saye da kuɗinsa. Ran 9 ga Mayu, 2001, mutum fiye da 120 suka mutu a filin ƙwallo na Ankara, ranar wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, da yawansu 'ya'yan Nima ne. Daren 3 ga Yuni, 2015, ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na Circle, mutum fiye da 150 suka hallaka, galibinsu sun fake ne kawai domin ruwan sama. Ina masu gani a waɗannan ranaku? Wa ya tsaya a ƙofa ya mai da mutane gida?

Yanzu sai mu bar maƙaryata. A ce takardar gaskiya ce. Mutane suna so?

Waɗansu masana biyu, Gerd Gigerenzer da Rocio Garcia-Retamero, sun yi wannan tambaya ga mutum fiye da 2,000 a ƙasar Jamus da ta Sifen, suka buga abin da suka samu a 2017. Kusan tara cikin kowane goma suka ce ba su so su san lokacin mutuwarsu. Haka kuma ba su so su san lokacin da miji ko mata za ta mutu, ko abin da zai zama ajalinsu, ko auren zai mutu. Har abin daɗi ma, da yawa ba su so a faɗa musu tun da wuri. Galibinsu sun ce in an ɗauki wasan ƙwallo za su kalla daga baya, kada kowa ya gaya musu wanda ya ci. Wannan kam kowane ɗan Nima ya gane shi. Mutum ɗaya tak cikin ɗari ne ya ce yana so ya san kome da kome.

Akwai abu guda cikin binciken nan da ya fi ba ni mamaki. Da ma sai mu ce tsofaffi za su fi so su sani, tun da su ne a bakin hanya, su ke da gida da za su shirya. Ashe akasin haka ne. Yara su ne masu cewa a faɗa musu. Yadda mutum ya ƙara matsowa kusa, haka ya ke ƙara kawar da kai. Saurayi yana da ƙarfin hali domin yana tsammani lambar da ke cikin takardar mai nisa ce.

Wani zai ce wannan duk magana ce ta baki, ba a sa kowa gaban takarda ta gaskiya ba. To, akwai waɗanda aka sa. Akwai wata cuta da likitoci ke kira ciwon Huntington. Gādonta a ke yi. In uwa ko uba na da ita, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Ta kan ɓoye har mutum ya kai shekara 30 zuwa 50, sa'an nan jiki ya soma motsi ba da nufinsa ba, hankali ya riƙa raguwa, bayan shekara 15 ko 20 ta kashe shi. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Kafin a sami hanyar aunawa, an tambayi 'ya'yan irin waɗannan gidaje, galibinsu suka ce in da hanya za su auna. A 1993 aka gano ƙwayar gādon da ke kawo ta, aunawa ta zama ɗiban jini kaɗan. Da hanya ta samu, sai aka ga ko ɗaya cikin biyar bai zo ba.

Wata mace Ba'amurkiya, Nancy Wexler, tana cikin manyan waɗanda suka yi aikin nan. Cutar ce ta kashe mahaifiyarta. Ta yi shekaru tana zuwa ƙauyukan masunta a bakin tafkin Marakaibo, ƙasar Benezuwela, inda cutar ta yi yawa, tana karɓar jininsu domin bincike. Aikinta ne ya buɗe hanyar aunawa. Ita kanta kuwa ba ta auna ba. Sai a 2020 ta bayyana wa duniya tana da cutar, bayan alamu sun riga sun fito. Ba za mu ce da ita matsoraciya ko jahila ba. Ta san abin fiye da kowa. Ta duba ta ga sanin nan ba zai ba ta magani ba, sai dai ya ƙwace mata shekarun da ta ke da sa zuciya a cikinsu.

A nan ne gindin maganar ya ke. Mutum yana son sanin abin da zai iya yin wani abu a kai. In an ce farashin masara zai tashi a kasuwar Nima ran Laraba, kana so ka ji tun Litinin, gama za ka saya ka ajiye. In an ce ka auna jini kafin aure saboda sikila, wannan sani ne mai amfani, gama a Gana wajen jariri 2 cikin 100 da ita a ke haifarsu, aunawa kuwa tana iya tsare 'ya'yanka. Haka awon hawan jini, da na ciwon sukari. Amma ranar da ba ta matsawa gaba ko baya, me za ka yi da ita? In an ce saura shekara 40, sai ka yi sakaci, ka ce tuba da biyan bashi sai an jima. In an ce saura shekara 2, wa zai ba ka kaya bashi? Wa zai sa ka cikin adashi? Wa zai ba ka 'yarsa? Kai kanka za ka dasa itace, ko ka sa harsashin ɗaki? Kowace safiya sai ka tashi ka cire ɗaya, kamar mai cin jarinsa.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin sarakuna biyu da aka faɗa musu. Na fari Saul ne. Shi da kansa ya kori masu duba daga ƙasarsa. Amma da yaƙin Filistiyawa ya matsa masa, sai ya ɓad da kama, ya tafi da dare wurin wata mai sha'ani da kurwa a Endor. A can ya ji cewa gobe shi da 'ya'yansa za su mutu. Me ya yi da wannan sani? Ya faɗi ƙasa warwar, ƙarfinsa ya ƙare, har sai da matar ta lallashe shi ya ci abinci. Ya tashi cikin daren ya koma. Bai gyara kome ba, bai nemi sulhu da kowa ba. Ya mutu a dutsen Gilbowa tare da 'ya'yansa uku. Abin da ya ƙaru da shi kaɗai, ya sha mutuwarsa tun kafin ta zo.

Na biyu Hezekiya ne, sarkin kirki. Ya yi ciwo mai tsanani, annabi Ishaya ya zo ya gaya masa ya kintsa al'amuran gidansa, gama ba zai tashi ba. Ya juya fuska wajen bango, ya yi kuka, ya yi addu'a, Allah ya ƙara masa shekara 15. Ga mutum ke nan da ya san yawan shekarun da suka rage masa. Sai mu yi tsammani zai yi su da hankali fiye da na dā. Amma da jakadun Babila suka zo gaishe shi, sai ya zaga da su ya nuna musu dukan taskarsa, bai rage kome ba. Da Ishaya ya gaya masa wata rana za a kwashe duka zuwa Babila, har da waɗansu daga zuriyarsa, sai hankalinsa ya kwanta da tunanin cewa ba a zamaninsa za a yi ba. Kun ga abin da lissafin ya yi masa? Ya sa idonsa ya tsaya a kan shekarunsa 15, bai ƙetare su ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ma, malamansu suna karantarwa daga ƙarshen Suratu Luƙman cewa akwai abubuwa biyar da Allah ya keɓe wa kansa saninsu, cikinsu har da abin da mutum zai samu gobe da ƙasar da zai mutu a cikinta. Mutanen zango sun fi kowa gane wannan. Kakanninmu sun fito daga Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Zabarma, fataucin goro da shanu, suna cewa bana ko baɗi za su koma gida. Kaburburansu suna nan Ankara. A kan wannan batu babu gardama tsakanin majami'a da masallaci. Wanda ya ce ya san ranar wani, ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Amma fa, 'yan'uwa, kada mu tsaya a nan mu ce madalla, rashin sani alheri ne, a rufe magana. Akwai wani sani dabam, wanda ba na boka ba ne, mu kuwa muna ɓoye shi ga masu bukatarsa. Wannan shi ne ya fi damuna.

Ga tsoho an kai shi Korle Bu, ko asibitin Mamobi an tura shi gaba. Likita ya duba, ya ga ciwon daji ya ci jiki, ko ƙoda ta gaza, ko hanta. Ya kira babban ɗa waje ya gaya masa. Me ɗan ya kan ce? "Don Allah, likita, kada Baba ya ji." Daga nan gida duka ya shiga wasa. Masu gaisuwa suna shiga suna fita. "Sannu, Baba, yaya jiki?" "Da sauƙi." Kullum da sauƙi, har ranar da za a ɗauke shi. Matarsa ta fita bayan ɗaki ta yi kuka, ta wanke fuska ta dawo. Shi kuwa yana kwance, yana jin jikinsa, yana ganin tuwo ya gagare shi, yana ganin ɗan da ke Kumasi ya zo ba salla ba, ba biki ba. Kuna tsammani bai gane ba? Sau da yawa ya gane. Yana yin shiru domin ya tausaya muku, kuna yin shiru domin ku tausaya masa. Kowa yana ɗauke da kayan shi kaɗai.

Ba mu kaɗai mu ke da wannan hali ba. A Amurka an tambayi likitoci a 1961, tara cikin goma suka ce ba su kan gaya wa mai ciwon daji abin da ke damunsa ba. Da aka sake tambaya a 1979, sai 97 cikin 100 suka ce sun fi so su faɗa. Cikin shekara 18 al'adar ta juya sarai, domin sun ga masu ciwo suna iya ɗaukar gaskiya fiye da yadda a ke tsammani, in an faɗe ta da tausayi.

Sai dai ku sani likita ma ba ya riƙe da takardar nan. A shekara ta 2000 waɗansu masana biyu, Christakis da Lamont, suka bincika maganar likitoci 343 a kan majinyata 468 da ke bakin mutuwa a birnin Shikago. Sau 20 kaɗai cikin 100 likitocin suka yi kusa da daidai. Sau 63 sun ba da kwana fiye da abin da ya rage, sau 17 sun ba da ƙasa da haka. An kuma ga likitan da ya daɗe da sanin majinyacinsa ya fi yin kuskure, gama ƙauna ta kan ja lissafi. Saboda haka in likita ya ce wata 6, kada a rubuta a bango a soma ƙirgawa. Waɗansu su kan wuce da nisa. Amma a tuna kuskurensu ya fi karkata wajen ƙari. Abin da za a yi cikin wata na biyar, gara a yi shi cikin makon nan.

Bambancin likita da ɗan duba a fili ya ke. Likita ba ya cewa ran kaza. Yana cewa lokaci ya yi kusa, ga kuma dalilinsa a hoto da awon jini, kana iya kai wa wani likita ya duba. Ba ya neman rago. Sanin da ya ke bayarwa irin wanda a ke yin aiki da shi ne. Ku tuna saƙon da aka kai wa Hezekiya da fari ba lamba ba ce. Cewa aka yi ya kintsa gidansa.

Me ke cikin gidan ɗan kasuwa da ke bukatar kintsawa? Kun fi ni sani. Cinikinmu na amana ne, rabinsa a kai ya ke, ba a takarda ba. Akwai kuɗin da wani ya ba shi ajiya zai tafi gida ya dawo. Akwai buhunan da ya karɓa daga mai kaya a Tecimau bai gama biya ba. Akwai waɗanda ya ke bi, waɗanda ba za su taɓa zuwa su faɗa da bakinsu ba. Akwai rumfa, wadda ba a san ko tasa ce ko ta ƙanensa ba, tun da tare suka soma. Akwai ɗakin da ya gina a filin wani bisa maganar baki. Akwai yaron da ya riƙa tun yana ƙarami, wanda ba shi da rabo cikin gādo sai in an yi masa wasiyya. Akwai ɗan'uwan da suka yi shekara 10 ba su gaisa ba. In ya tafi da waɗannan a cikinsa, kafin a yi sadakar bakwai an soma faɗa, marayu da gwauruwa su ne a ƙasa. Wanda ya ɓoye masa ciwonsa domin tausayi, ya hana shi sauke wannan kaya da hannunsa.

Ban ce a shiga a faɗa wa kowane mai ciwo kome da ƙarfi ba. Mun riga mun ga mutane sun bambanta, akwai wanda ba ya so, hakkinsa ne kuwa. Hanya ita ce a tambaye shi. Wanda ya fi kusa da shi ya zauna, sa'ad da ɗaki ya yi shiru, ya ce, "Baba, likita ya yi mana bayani. Kana so ka ji duka, ko kuwa mu riƙe mu yi abin da ya kamata?" In ya ce ku riƙe, ku riƙe, kada ku tilasta masa. Ku bar ƙofa a buɗe, gama wanda ya ƙi yau ya kan tambaya jibi. In ya ce a faɗa masa, a faɗa, kaɗan kaɗan, gwargwadon abin da ya tambaya, kada kuma a tashi a bar shi shi kaɗai da maganar. A kira masa limaminsa ko fastonsa in yana so. A tambayi likita maganin rage zafi, gama ko ciwon da ba ya warkewa ana iya sauƙaƙa azabarsa, akwai kuwa masu wannan aiki a Korle Bu.

Kai kuma mai lafiya, da ke jina a rumfa ko cikin mota a tashar Tudu, ba sai ka jira likita ba. Waɗanda suka fake a Circle ba su ga likita ba. Ka sayi littafi na sidi kaɗan, ka rubuta wanda ka ke bi da wanda ke binka, da ajiyar da ke hannunka, ka nuna wa mutum ɗaya amintacce inda ya ke. Waɗansu suna tsoro wai rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Takarda ba ta kiran kowa.

Ga yadda dokar Gana ta 1971 ta tsara wasiyya. Wanda ya kai shekara 18 yana iya yi. Sai ta zama a rubuce, mai ita ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu biyu, su biyun suna wurin lokaci ɗaya, su ma su sa hannu a gabansa. Kada wanda za a ba wani abu a ciki ya zama shaida. In mai wasiyya bai iya karatu ba, ko makaho ne, sai wani ya karanta masa ya bayyana masa da harshen da ya ke ji, ya kuma rubuta a jikin takardar cewa ya yi haka. Ana iya kai ta Babbar Kotu a ajiye a rufe. Wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, akwai dokar 1985, wadda a ke kira Doka ta 111, da ke raba wa mata da 'ya'ya da iyaye da dangi. Musulmi kuma ya tambayi malaminsa, gama a shari'arsu wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, sauran na magada ne. In ka rubuta, daga baya hali ya sake, ko an yi haihuwa, ko ka sayar da rumfa, kana da iko ka soke ta ka rubuta wata, ko sau nawa.